Waƙar da Ta Rufe Rumfar Tuwo

Ka ce baki naka ne, ba mai hana ka faɗin abin da ka ga dama a waƙa. Gaskiyarka. Amma bari in ba ka misalin wani saurayi mai waƙar gambara. Wata budurwa ce ta juya masa baya, shi kuwa ya shiga situdiyo da zafin rai ya yi wa mata kuɗin goro: ya kira su kayan kasuwa, ya ce ba wadda ba ta da farashi. Waƙar ta karɓu fiye da duk abin da ya taɓa rerawa. Da manya suka yi masa magana, sai ya ce fasaha ce, ba a sa mata takunkumi. To, uwarsa tuwo take sayarwa a tasha. Tun safe lasifikar masu cajin waya ke zuba waƙar a kan rumfarta, 'yan kamasho suna amshi suna nuna 'yan matan da ke taya ta aiki. Ran nan wani fasinja, bai san ko ita wace ce ba, ya miƙo kwano yana rera mata baitin a fuska. Ta zuba masa miya, ta sallame shi. Washegari ba ta hura wuta ba. Ta tattara tukwanenta ta koma garinsu.

Ɗan nata ya bi ta can. Ba ta yi masa faɗa ba, ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo masa ruwa. Sai dai ta gaishe shi da sunan da yake waƙa da shi, kamar yadda baƙi ke yi. Sunan lelen da take kiransa da shi tun yana goye, bai sake jin sa ba. Ya daina rera waƙar a dandali, ya yi sabuwa ta yabon iyaye mata, amma waccan ta farko ta riga ta shiga wayar kowa. Duk salla yakan je ya zauna a bakin ƙofar ɗakinta yana kasa kunne, ko za ta manta ta kira shi yadda ta saba. Har Allah ya karɓi abarsa ba ta manta ba. Ranar sadakar uku yana zaune cikin masu gaisuwa, wani mai adaidaita sahu ya wuce ta ƙofar gidan, muryar mawaƙin na tashi daga lasifikar ciki tana zagin mata. Mawaƙin ya sunkuyar da kai. Shi ya sa Hausawa ke cewa magana zarar bunu ce.