Waɗanda Suka Ɓace Daga Bincike

Hannatu ta ɗan ɗaga ƙofar gidan kafin ta tura, don in ba a ɗaga ba takan cije a ƙasa. Ta yi sallama, ta rungume fayil a ƙirji, ta ce daga ofishin bincike take.

Baba Ernest yana zaune a baranda da sandarsa a kan cinya. Duk layin nan na Nasarawa an san shi, tsohon ma'aikacin ƙididdiga ne da ya ƙare aikinsa a kan lissafin haihuwa da mutuwa. Tun rasuwar matarsa Vicky ya daina yarda da mutane. Ya kori fasto, ya kori matan zumunta da kulolin abincinsu. Masu bincike kaɗai ba ya kora. A ganinsa, wanda ya rufe musu ƙofa ya ɓata lissafin ƙasa ne gaba ɗaya.

Ya dube ta sama da ƙasa, ya tambaye ta ko sabuwa ce a aikin. Ta ce ta ɗan jima. Ya nuna mata benci.

Ta fara da tambayoyin da ya fi so: shekarar haihuwa, garin haihuwa, aure, 'ya'ya. Yana amsawa da murya irin ta aji. Can ya katse ta, ya ce yaran yanzu tambaya kawai suka iya, ba su san inda amsar take zuwa ba. Ya ce a ɗauki jarirai dubu da aka haifa shekara ɗaya da shi, a bi su. Wasu ba za su ga yaye ba. Wasu ƙyanda za ta ɗauke su kafin su shiga makaranta. Daga nan mutuwa takan ɗan lafa, sai an haura sittin ta dawo da ƙarfinta. Da wannan ake zana jadawalin da ke nuna saura nawa a kowace shekara, da kuma tsawon ran da ya rage wa wanda ya kai nan.

"Ni ina can ƙasan jadawalin," in ji shi, "inda lambobi suka yi ƙanana. Duk waɗanda muka fara aiki tare, ni kaɗai na rage."

Hannatu ta ce binciken bana ya haɗa da abin da tsofaffi suke ci, kuma dole sai ta gani da idonta. Ta fito da kula daga jaka, tuwon acca da miyar karkashi, babu yaji. Ta shiga kicin ɗauko cokali, ta tarar da gas a buɗe yana huci, babu wuta babu tukunya. Ta kashe, ta buɗe taga, ta ɗauko cokalin ta koma baranda.

Wannan ne ya kawo ta yau. Likita ya ce zaman kaɗaici ya ƙare wa Baba Ernest. Satin da ya wuce an tsince shi a bakin gada da silifa ƙafa ɗaya, yana jiran motar ofishin da ya bari tun tuni.

Ta jira har ya ci rabin tuwon ya haɗiye magungunansa, sannan ta ce ofis ya tanadi ɗaki a Unguwar Sanusi domin manyan da ake bibiya, akwai mai kula dare da rana. Ya girgiza kai tun ba ta rufe baki ba. Ta ce na ɗan lokaci ne. Ya ce ko na kwana ɗaya ne ba zai je ba.

Ya ce a aikinsu mutum iri uku ne. Akwai mai rai, akwai mamaci, akwai kuma wanda ya ɓace daga bincike: an koma gidansa ba a same shi ba, babu wanda ya ce ya mutu, babu wanda ya ce ya gan shi. Irin wannan ba a sa shi cikin matattu. Matarsa da ɗansa Sam, ya san inda kabarinsu yake. Amma 'yarsa, tun da ta tafi jami'a bai ƙara sa ta a ido ba.

"In na tashi daga nan ta zo ba ta same ni ba, ni ma na ɓace mata ke nan."

Hannatu ta sunkuyar da kai kan fayil ɗin, ta rufe shi.

Ta wanke kular, ta cire kan gas ɗin ta sa a jaka. Da ta yi masa sallama ya yaba da natsuwarta, ya ce iyayenta sun yi tarbiyya. Ya riƙe hannun rigarta, ya ce tunda aikinsu shiga gida-gida ne, yana da saƙo. Ta saurara har ya gama. Ta ce za ta isar.

A waje Maman Precious, maƙwabciyar da ke leƙa shi safe da yamma, tana tsaye da tsintsiya a hannu. Ta tambaya ko ya yarda zai koma. Hannatu ta ce a'a, sai dai ita ta kwaso kayanta ta kama ɗakin da ke kallon gidan. Matar ta tambaya a hankali ko yau an dace.

"Bai gane ni ba, Mama," in ji Hannatu. "Amma ya ba ni saƙo in kai wa 'yarsa. Ya ce in na gan ni, in gaya mini babana yana nan da rai, yana jirana."