Kaset ɗin Madam Ornella

Ƙarfe uku na rana Madam Ornella take nuna talabijin da hannunta mai lafiya. Ɗayan ya shanye tun bara, magana ma ta tafi, sai gurnani. Zuweira, 'yar zangon Kumasi da ke jinyarta a Port Richmond, ta haddace abin da ake nufi: a taje furfura, a shafa jan-baki, a ajiye kofi biyu, a sa kaset.

Kaset ɗin ɗaya ne tal, wani fim na Italiya da ya haura shekara hamsin. Loredana, 'yar Madam Ornella, ta ce duk finafinan dodannin sama da Amurkawa ke taƙama da su, a nan suka koya. Wasu maza ne masu baƙaƙen kaya suka sauka da jirgi a wata duniya mai hazo. Kaɗan suka mutu, saura suka naɗe su a leda suka binne.

Ranar da Zuweira ta fara zama ta kalla, sai ta ga kabari ya buɗe. Gawa ta miƙe tana yaga ledar. Tsohuwa ta kurma ihu, jiki na ɓari, hawaye shaɓe-shaɓe.

"A'uzubillahi!"

Wace irin 'ya ce za ta bar uwa da wannan masifa? A gida in an binne mutum an gama, addu'a ce ta rage.

Washegari, ana rufe kabari Zuweira ta latsa. "Ya ƙare, Mama. Allah ya ji ƙansu."

Ihu kam ya daina. Zuweira ta gode wa Allah. Sai dai miyar yamma ta dawo kicin yadda ta fita.

Kwana uku, tsohuwa ta datse haƙora. Zuweira ta dama koko, ta yi taliyar da take so, har tofi ta yi a ruwa, a banza. Kullum ƙarfe uku hannu zai nuna talabijin, kullum a binne, kullum Zuweira ta kashe. Ido ya faɗa, zobe ya fara zamewa daga yatsa.

Loredana ta bugo waya. "Likita ya ce in ba ta ci ba zuwa Lahadi, gidan tsofaffi za a kai ta."

Zuweira da ta riƙe hannun matar nan ta ce ba mai fitar da ita daga ɗakinta? Ɗakin da ambaliya ta cinye komai nasa, ko hoto ɗaya bai tsira ba, amma tsohuwa ta ƙi tashi.

Lahadi ta zo, Loredana ta zo da takardu. Zuweira ta tayar da la'asar a kicin. Tana raka'a ta biyu ta ji kiɗan fim ɗin, 'yar ta sa kaset. A ta huɗu ta ji ƙarar murfin kabari. Ta sallame a gurguje, ta fito ko takalmi babu, ta kai hannu.

Loredana ta cafke shi. "Me za ki yi?"

"Zai kashe ta! Ba ki ga yadda take yi ba?"

Kabari ya buɗe. Ihun ya fi na ranar farko. Amma yau Zuweira fuskar ta duba, ba talabijin ba. Hannu mai lafiya ya lalubi kofi na biyu, ya tura shi gaba kaɗan. Sannan ya ɗauki cokali.

"Babana ne," in ji Loredana a hankali. "Shi ne mai tashi daga kabarin. Fim ɗaya ya taɓa yi. Nan kaɗai ya rage mata."

Zuweira ta sulale ta zauna a ƙasa. Kwana tara ke nan tana binne wa baiwar Allah mijinta, ba ta barin sa ya tashi.