Randar da Aka Rufa wa Tabarma

Tasi'u, Lantana, Nafi'u, ku matso kusa, muryata ba ta kai da ba. Na ji gardamar da kuke yi kan gidan hayar da mahaifinku ya bar muku. Ma'aikatan lafiya sun aiko da takarda cewa ranar Alhamis za su zo su ɗebi ruwan gidan a kwalba, su kai inda ake dubawa, ko akwai ƙwayar cuta a ciki. Lantana ta ce a bar su su ɗiba a famfon ƙurya, wanda 'yan haya ke sha. Kai kuma Nafi'u ka ce a tsayar da su a bakin burtsatse, inda ruwa ke fitowa sabo, kada su hau su leƙa tanki a ji kunya, a rufe famfo, mutane su tashi. Tasi'u, kai ne babba, ka ƙi raba gardamar. Ni ban yi boko ba, ban san sunan ƙwayar ba. Amma na san ruwa, don na ɗauke shi a ka shekara arba'in. Ku ji wannan.

An yi wani fatoma a wani gari na kan hanya, gidansa ne masaukin fatake. A zaurensa akwai wata ƙatuwar randa da aka binne rabinta a rairayi tun zamanin ubansa. Ruwanta sanyi ƙalau, fari tas, har baƙi suna ba da labarinta a wasu garuruwa. Sai dai ɗaga ta aiki ne na ƙarti huɗu, saboda haka ba a taɓa juye ta an wanke ba. In ta yi ƙasa a ƙara, in ta yi ƙasa a ƙara. Duk ranar kasuwa duba-gari yakan zagayo da ludayinsa yana leƙa tukwanen ruwa. Shi kuwa fatoma ya tanadi wani ɗan tulu. Da safe sai a wanke shi da toka, a cika shi daga rijiya, a ajiye a bakin ƙofa, randar kuma a rufa mata tabarma a jingina buhunan dawa. Duba-gari ya ɗiba a tulu, ya ɗaga a rana, ya ce madalla, ya wuce. Fatoma ya janye tabarma, yana murmushin wanda ya fi hukuma wayo. Baƙi suna sha suna kama hanya. In ciki ya murɗa musu bayan kwana biyu, sun riga sun yi nisa, sai su ce canjin abinci ne. Ba wanda ya taɓa dawowa da ƙara, shi kuma ya ɗauki rashin ƙara a matsayin shaida.

Ana nan sai 'yarsa da ke aure a wani gari ta kawo masa jikarsa yaye. Yarinyar da ba ta san komai ba sai nono, yanzu ga ta tana kukan ƙishirwa a zafin bazara. Kakan da hannunsa ya ɗauki moɗa, ya wuce tulu don ruwansa ya yi ɗumi, ya ɗebo mata na randa mai sanyi. Kwana uku ana shimfiɗa tsumma ana ɗaukewa, amai da gudawa. A rana ta huɗu ya kira ƙarti suka tone randar suka kifar. Abin da ya fito daga gindinta baƙar laka ce mai yauƙi, kaurin tafin hannu, da warin da ya kori kowa daga zauren. Duba-gari ya zo ya tsaya a kai, ya ce, "Da ka nuna mini, da tuni mun ɗaga ta tare." Ba a ci shi tara ba, ba a kai shi gaban alƙali ba. Amma da uwar ta zo ɗaukar 'yarta, zanen goyon kawai aka miƙa mata.

To, Nafi'u, burtsatsenka shi ne tulun, tankin nan da ke shan rana a kan rufi shi ne randar. Yaushe rabon da wani a cikinku ya buɗe murfinsa? Ɗakin ƙurya wata biyar ba kowa, ruwa yana kwance a bututu, yanzu kun sa mai jego a ciki. Idonku ba zai gane ba, harshenku ba zai gane ba. Kwalbar mutanen nan ce kaɗai za ta faɗa. In ta ce da cuta, a rufe famfo, a wanke tanki, ku sayo musu ruwa har a gama. Kunyar mako guda ba ta kashe kowa. Kada ku tashi daga tabarmar nan sai kun haɗa baki kan famfon da za ku nuna musu. Ku yanke, ku gaya mini kafin la'asar, domin Hausawa sun riga sun faɗa: ranar wanka ba a ɓoyon cibi.