Lakar Ba Ta Bushe Ba

Yangdol ta dire buhun busasshen cuku a ƙofar gidan ibada, tana tari har da jini. Tsauni uku ta tsallako don ta ga ɗanta Rigzin kafin ciwon ƙirji ya gama da ita.

Tsohon lama, malamin addinin Buddha da ke kula da gidan, yana ganinta ya ja da baya. "Ama, uwar Rigzin, ke ce? Ai cewa aka yi motarku ta faɗa kwazazzabo, ba wanda ya tsira!"

"Na sauka kunna fitila a gidan ibadar da ke gindin tsauni, ɗan banzan direban ya tafi ya bar ni. Ina yarona?"

Ya nuna mata wata ƙofa da aka toshe da laka, ko bushewa ba ta yi ba. "Jiya ya shiga halwa. Shekara uku, ba magana, ba saƙo, yana yi wa gawarki addu'a. In mun fasa, alwashinsa ya karye."

Ta dafa lakar har yatsunta suka nutse.

"Kar ku fasa," ta ce. "Sauri kawai ya yi. Kafin ƙanƙarar tsaunin nan ta narke zan kwanta dama, in riski addu'ar tasa."