Zaɓen Fari na 'Yan Majema

Wani saurayi ya dawo garinsu bayan shekara tara a Kudu, ya tarar gari ya sake kama. An sare ɗorawar bakin kasuwa, an kafa gidan mai a gurbinta. Rijiyar unguwa an toshe bakinta da siminti, kowa ya koma burtsatse. Ƙanwarsa da ya bari tana aji uku ta zama malamar asibiti, waɗanda ya bari suna rarrafe kuwa su ne ke tare shi a ƙofar gidan ubansa suna cewa, “Malam, wa kake nema?” Abin da bai gusa ba shi ne filin ƙwallon gora na bayan majema, da tsohon kocin da ke zama a kan benci yana naɗe tsagaggun sanduna da robar tayar keke. Sai dai ƙungiyar 'Yan Majema da ya bari da kofi a hannu, kaka uku ke nan ita ce kurar baya, kuma an gaya musu in suka sake zuwa na ƙarshe bana, za a soke ƙungiyar a yanka filin fuloti-fuloti.

Garin yana da wata al'ada. Duk shekara in 'yan sakandare sun gama, ƙungiyoyi shida na gari sukan zaɓi 'yan wasa a cikinsu, wadda ta zo ƙarshe ita ake bai wa zaɓen fari, kamar yadda ake fara zuba wa marar lafiya kunu. To bana mutum biyu ne a bakin kowa. Ɗaya ɗan gaba ne, dogo, sanda a hannunsa kamar alƙalami a hannun malami, amma kowa ya san jakarsa a ɗaure take, jira kawai yake wata ƙungiyar birni ta yafuto shi. Ɗayan ɗan baya ne, gajere, maganarsa ba ta cika cokali, ba a taɓa yi masa tafi ba, ɗinki yake koya a shagon kawunsa. Kullum bayan la'asar magoya baya sukan cika bencin nan musu ya kaure. Wani mahauci a cikinsu ya ce ƙwallo ake ci a fili, ba a cin kirki. Wani direba ya ce motar da ba ta da birki gudunta ma masifa ne. Mahauci ya ce, “Kai da motarka sai an tura, ina ka san gudu?” Tsoho dai na gefe yana naɗin roba.

Saurayin nan ya fi kowa zaƙewa. Shi ma ɗan gaba ne a zamaninsa, tsohon nan ne ya kira sunansa a wannan fili, ya buga musu kaka guda, ya ci ƙwallo goma sha bakwai, aka ɗauko kofi, sannan ya hau motar Kudu. Kwana shida yana kare dogon nan har muryarsa ta dishe, yana cewa ba a tambayar gwani kwana nawa zai yi. In ya faɗa sai ya saci kallon tsoho.

Ranar zaɓe tsoho ya miƙe, ya dogara sanda, ya kira sunan ɗan telan. Mahauci ya buga hularsa da ƙasa ya yi gaba. Saurayi ya jira har jama'a ta watse, ya je ya durƙusa a gaban benci.

“Baba, saboda ni ne?”

Tsoho bai ɗago ba. Ya ce, “Da za a dawo da waccan ranar, ɗana, kai zan sake kira. Lokacin gidanmu a gine yake, fenti muke nema. Yau rufi ne ya rufta. Riƙe min nan.”

Ya miƙa masa bakin robar. Saurayi ya riƙe, tsoho na ja yana naɗewa, sanda bayan sanda, har ladan ya kira magariba. Sau biyu saurayi ya yi niyyar cewa zai zauna ya taimaka bana, sau biyu ya fasa, don ya san ƙarya ce. Tsohon ma bai tambaya ba.

Ba a rufa mako biyu ba ƙafar saurayin ta soma ƙaiƙayin tafiya. Ranar wata Laraba bayan asuba ya cusa tufafinsa a jaka, ya rataya, ya bi ta filin don ya yanke zuwa tasha. Can tsakiya ya hango ɗan telan shi kaɗai, ya sunkuya da gwangwanin toka yana ja wa fili layi, bayansa tsoho na tafe yana nuna masa inda ya karkace. Ba su gan shi ba. Ya tsaya a bakin fili, raɓar ciyawa ta jiƙa masa takalmi, yana kallonsu har rana ta ɗaga. Da ya sunkuya ya ƙara ɗaure igiyar takalmin, sai ya tarar har ya bushe.

Gaskiyar masu iya magana: baƙo raɓa, ɗan gari kaba.