Abin da Iska Ta Rufe

Sau huɗu Rufaida ta maimaita saƙon, amma surukarta Inna Cima ba ta tsinci komai ba sai sallamar farko. Tsohuwar ta ture salular daga kunnenta.

"Ɗiyata, wanga ba magana ba ce, guguwa ce. Wata goma sha ɗaya ban ji muryar ɗana da kyau ba."

Mu'awiya, mijin Rufaida, ya ajiye aikin gabatar da shiri a wani gidan rediyo na garin Buza, ya tafi haƙar zinari can arewa, inda aka ce babu rezo, wato sabis ɗin waya, sai an hau dutse. Ba ya kira. Duk Alhamis dai saƙon murya na shigowa daga lambarsa, gajere, cike da ƙugin iska: yana lafiya, a gaida Inna, a yi haƙuri. Tambayoyin da take tura masa, ko ɗaya bai taɓa amsawa ba. Ranar da ta gaya masa 'yarsu Salma ta fara tafiya, abin da ya dawo shi ne a yi haƙuri.

Rufaida ba baƙuwar sauti ba ce. A ɗakinta take ɗaukar shirin mata na rediyon, da tsohuwar ordinatar, wato kwamfutar da mijin ya bari, ta rataye barguna a bango don kada murya ta yi amo. Sai ta ƙudurta za ta wanke saƙonnin nan, ko surukarta ta ji ɗanta sau ɗaya kafin kunnen ya ƙarasa tafiya.

Manhajar da ta saba da ita ta kyauta ce. Ana nuna mata guntun hayaniya, ita kuma ta bi ta cire irinsa. Ta cire iskar, amma Mu'awiya ya koma kamar mai magana daga cikin tulu. Ta biyu a intanet take, tana share komai da kanta. Muryar ta fito sumul, ba ƙura ba tsakuwa, sai dai Inna na ji ta girgiza kai.

"Wanga ba ɗana ba ne."

Saura ta uku. Wata ma'aikaciyar rediyo a Madawa ce ta ba ta labarinta: ba ta zubar da komai, raba sauti take yi gida biyu, murya gefe, abin da ke bayanta gefe.

Kafin ta sa ta, ta nemi shawarar Mahamud, mai kula da na'urorin rediyon. Abokin Mu'awiya ne tun suna lakwal, makarantar boko. Shi ya ɗauke shi a babur zuwa tashar Madawa ranar tafiya, kuma tun daga lokacin bai bar gidan ya rasa hatsi ba.

Sai ya ce mata:

"Uwar Salma, ki bar wagga ta ukun. Kashe ordinatar take yi. Ki turo min saƙonnin, ni in gyara miki."

Ta ce to. Ba ta tura ba, don tana son aikin ya fito daga hannunta. Washegari ya aiko tambaya. Kwana ɗaya bayan nan ma ya sake.

Ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, Inna na tsakar gida tana tsince wake, Rufaida ta sa manhajar, ta zuba mata saƙon da ya shigo jiya. Ta ɗora kaske, abin sauraron sauti, a kunne. Ordinatar ta yi ta nishi, sannan layuka biyu suka bayyana.

Ta fara da na murya. Ga Mu'awiya nan sak. Amma da ta buɗa zanen sautin, sai ta ga abin da ba ta taɓa gani a maganar mutum ba. Tsakanin jimla da jimla babu numfashi. Shiru ne yankakke, kamar an sa reza.

Ta ɗauko saƙonni bakwai na baya, ta jera. "A yi haƙuri" ɗin nan, tsawonsa ɗaya, tashinsa ɗaya, faɗuwarsa ɗaya a duka bakwai. Ta tuna da haka yake rufe shirinsa duk ranar da lokaci ya ƙure masa. Ta ce wa ranta baki ne ya saba.

Ta koma layi na biyu.

Iska ce zalla. Tana tasowa, ta lafa, ta taso, ta lafa. Rufaida ta ƙirga da yatsa: huɗu, huɗu, huɗu. Ta girma a ƙauye, ta san iskar daji ba ta bin ƙirga, sai dai ta fanka mai juyawa.

A waje babur ya tsaya. Ta cikin kasken ta jiyo Mahamud yana gaida Inna, yana tambayar ko uwar Salma na ciki, wai ya zo karɓar saƙonnin da kansa.

Ta danne ƙugin, ta ɗaga abin da ke ƙarƙashinsa. Akwai wani abu a daƙiƙun ƙarshe, can nesa. Ta ƙara ɗagawa har ƙarshen ma'auni. Takun takalmi ya ratso tsakar gida, ya tsaya a bakin labulenta.

A cikin saƙon da aka ce daga sahara ya fito, ta ji an buga ƙyaure, ta ji muryarta ita kanta tana cewa, "Salamu alaikum, Malam Mahamud, na kawo shirin makon ga," sannan dab da salular mijinta wani ya amsa da sauri: "Dakata nan waje, ina hitowa."