Ƙashin da Aka Rataye a Ƙofa

Narola ta riga ta ƙara wa surukinta miyar wake karo na biyu lokacin da maƙwabciyarta Asangla ta yafito ta daga bayan shinge.

"Ke, wane nama kika sa a waken nan? Ƙamshi ya hana ni sakat."

"Ina na ga nama? Ƙashin cinyar alade ne, an gwaigwaye shi tas. Rataye na same shi a ƙofa da safe. Ina jin Lanu ne ya samo ragowar bikin coci kafin ya wuce gona."

Asangla ta dafe ƙirji. "Wane Lanu? Mijinki ya daɗe da fita sannan na ga tsoho Merang da idona yana ɗaura abu a ƙofarku. Narola, kar dai ki ce mini Baba Imkong ya ci?"

Narola ta waiga ta dubi ƙofar madafa.

Ko ɗan goye a ƙauyen nan na kan dutse ya san akwai jini tsakanin gidan Merang da na Imkong. Tun suna samari bindigar Merang ta tashi a wurin farauta, ƙanin Imkong bai dawo gida da ƙafarsa ba. Daga ranar, abin da ya taɓa wutar wancan gida ba ya shiga bakin mutumin wannan gida. Wanda ya ci, haƙora su zube, ciki ya kumbura, sai dai a fita da gawa. Fastoci sun yi wa'azi har sun gaji. Ko shayi za a sha a coci, kowane gida da butarsa yake zuwa.

"Haƙoran ba su dame ni ba, nawa ma suka rage masa?" in ji Asangla. "Cikin nake jiye miki." Ta shige ɗaki ta ja ƙofa, wai ita ba ta ga komai ba. Ka ji maƙwabciyar kirki!

Abin haushi, da murnarta Narola ta ɗora tukunyar nan. Tun jiya ta jiƙa wake. Ta wanke ƙashin, ta kankare har wani ƙullutu da ke tsakiyarsa, ta jefa shi a ruwa da citta da barkono da busasshen ganyen gwaza, ta bar shi yana ɓararraka har waken ya farfashe, romo ya yi kauri. Rabon gidan da ɗanɗanon alade tun Kirsimeti. Gurgun aladensu suka yanka, ita da kanta ta yi bandar cinyar a saman murhu, aka wayi gari babu ita. Baba ya ce kare ne. Mutumin da kan tayar da gida kan barkono guda ɗaya, ko neman karen bai yi ba. Tun daga nan kuma abinci ya fita ransa, kullum yana bakin ƙofa yana kallon hanya. Yau ne kaɗai ya miƙo kwano ya ce a ƙara.

Ta koma madafa tana bin bango. Tsohon na kan kujerarsa ta gora, ya zuba miyar kan shinkafa yana kai loma. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Ya yi tari sau ɗaya, ya shafa ciki.

Shi ke nan, abin ya fara. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba. Da hannunta ta dafa, da hannunta ta zuba. Me za ta gaya wa Lanu in ya dawo ya tarar da ubansa a miƙe?

Ta zube a gabansa. "Baba, ajiye kwanon nan, don Allah ka ajiye! Na kashe ka ban sani ba. Ƙashin nan Merang ne ya kawo shi."

Hannunsa ya tsaya tsakanin kwano da baki.

"Wa kika ce?"

"Merang, Baba. Asangla ta gan shi."

"Tsamo mini shi."

Ta sa ludayi ta tsamo, yana tururi. Bai damu da zafin ba. Ya juya shi, ya bi shi da babban yatsa daga sama har ƙasa, ya tsaya a tsakiya. Sai ya miƙe, ya yafa mayafinsa, ya zaro addarsa daga jikin bango.

Narola ta riƙe masa ƙafa. "Baba, ka rufa mana asiri! Laifina ne, ni ce ban tambaya ba. Jinin da aka zubar ya isa haka!"

Ya fizge ya fita tsakar gida. Ta biyo shi da rarrafe tana kiran Asangla, Asangla kuwa ko motsi. Hanyar gidan Merang ga ta nan, gangara kawai mutum zai yi. Ta ga adda ta tashi sama, ta runtse ido.

Ƙwas!

Da ta buɗe ido, yana tsaye a gaban kututturen faskare. Ƙashin ya rabu biyu, ɓargo na malalowa. Ya ɗauki rabi ya miƙo mata.

"Sa wannan a kwano, ki cika shi da wake, ki kai wa Merang da zafinsa."

"Gidan Merang? Baba, mutumin da ya nemi ranka yau ɗin nan?"

Tsohon ya share idonsa da gefen mayafi, ya nuna mata ƙullutun da ke jikin ƙashin.

"Haba 'yata, ba ki gane karayar gurgunki ba? Babu karen da ya ɗauki cinyar nan, ni na rataye wa Merang ita a ƙofa ranar Kirsimeti. Ga shi ya cinye, ya maido mini ƙashin in shaida."